Mawaƙan dajin Ostireliya: wane ne gwaninku, kuma shin amsa-amo dole ne?

Ɗan_Alƙalami:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina so mu tattauna waƙoƙin daji na Ostireliya, wato waƙoƙin Turanci da suka bunƙasa a ƙarshen ƙarni na 19 a kan rayuwar makiyaya da masu askin tumaki da masu kora garken shanu da 'yan haƙar zinare, can cikin ƙasar nesa da biranen bakin teku. Magana biyu gare ni. Ta farko, a wurina Banjo Paterson ne gwarzonsu. Ta biyu, waƙar da ba ta da amsa-amo ba waƙar daji ba ce, ko da daga farkonta har ƙarshenta zancen doki da fari take yi. Ƙungiyar mawaƙan daji ta ƙasar, wadda aka kafa a Tamworth a 1994, sharaɗin da ta gindaya ke nan: amsa-amo mai kyau, kari daidaitacce, jigo kuma ya shafi Ostireliya ko mutanenta ko yadda suke rayuwa. Wa ke da ja?

Gwanin_Aruli:
Wa alaikumus salam. Malam, ka ambaci sharaɗin amsa-amo da na kari amma ka riƙe ɗaya ka saki ɗaya. Kari ne ke ɗauke da waƙar daji, amsa-amo a kansa yake zaune. Duba "The Man from Snowy River" da Paterson ya fitar a mujallar The Bulletin a 1890. Baiti 13 ne, kowanne ɗango 8. Ɗango na farko gaɓa 15, na biyu gaɓa 11, haka suke ta karɓa-karɓa. Ƙafar da aka gina ta a kai gaɓa huɗu ce, ta uku ita ake dannawa: ta-ta-TAM-ta. Dogon ɗango yana da ƙafa huɗu, ta ƙarshe an yanke mata wutsiya: ta-ta-TAM-ta, ta-ta-TAM-ta, ta-ta-TAM-ta, ta-ta-TAM. Gajeren ɗango ƙafa uku ne da irin wannan yankan. Sukuwar dokin da kowa ke cewa yana ji a waƙar daga nan take fitowa. Kuma lura da inda amsa-amon yake faɗawa: a kan TAM ta ƙarshe, gaɓar da ta fi kowace ƙarfi. Da an sa shi a gaɓar da ba a dannawa, kunne ba zai kama shi ba. To ka ga kari ne ya ba shi mazauni.

Bazazzagiya:
Allah ya gafarta malam, wannan ta-ta-TAM-ta da ka rubuta ai kamar fa'ilatun nake ji, ƙafar Ramal.

Gwanin_Aruli:
Malama, a kunne sun yi kama, musamman fa'ilatun da aka gajarta gaɓarta ta farko. Amma ma'aunin daban ne, kada ɗalibi ya haɗa su. Mu da Larabawa nauyin gaɓa muke aunawa, mai nauyi da marar nauyi. Turanci kuwa dannawa yake aunawa, wato gaɓar da murya ke yi wa ƙarfi. Gaɓa tana iya zama mai nauyi a ma'auninmu amma Bature ya wuce ta da sauri bai danna ta ba. Shi ya sa Bahaushen da ya ƙware a aruli, idan ya zo rubuta waƙar Turanci da ma'aunin da ya saba, sai ɗangon ya yi daidai a kunnensa amma ya yi ɗingishi a kunnen mai harshen.

Tsohon_Malami:
'Ya'yana, kafin ku yi nisa da aruli, ni ban yarda da naɗin Paterson ba. Henry Lawson nake zaɓa. Paterson lauya ne a Sidni. Gaskiya ya tashi a gona a Illalong kusa da Yass, kuma mahayin doki ne na ƙwarai, amma dajin da yake gani daga kan sirdi yake ganinsa. Lawson an haife shi a 1867 a filin haƙar zinare na Grenfell, ya tashi a gonar da ba ta ciyar da masu ita, ciwon kunne ya kama shi yana ɗan shekara 9, kafin ya wuce 14 ya kurumce. Dajinsa na mai tafiya a ƙasa ne, da ƙunshin bargo a baya, yana neman aikin kwana biyu. Mutumin da ba ya ji da kunne amma ya riƙe kari da amsa-amo haka, wannan kaɗai ya isa a jinjina masa. Ku karanta "Faces in the Street" ta 1888 ku ga yadda amshi ke dawowa a ƙarshen kowane baiti, kowane dawowa ya fi na baya nauyi.

Ɗan_Alƙalami:
Baba, ban raina Lawson ba. Amma abin da ya fi shahara da shi gajerun labarai ne, irin "The Drover's Wife" da littafin "While the Billy Boils" na 1896. A fagen baiti Paterson ya fi shi tsafta. Za ka karanta baiti goma na Paterson ba ka ci karo da kalmar da aka cusa don cike gurbi ba. Lawson yakan yi gaggawa, kuma a waƙoƙinsa na ƙarshen rayuwa gaggawar tana bayyana.

Ɗan_Damagaram:
Tunda an haɗa sunayen nan biyu, sai a yi maganar sa-in-sar da suka yi a The Bulletin daga 1892 zuwa 1893, domin tana amsa tambayar amsa-amo kai tsaye. Lawson ya fitar da waƙar da aka fi sani da "Up the Country" a watan Yulin 1892, yana cewa mawaƙan da ke yabon daji ƙarya suke shirga wa mutane, babu komai can sai fari da ƙura da ƙuda da matan da aka bari su kaɗai. Paterson ya mayar masa da "In Defence of the Bush". Abin lura shi ne ya ɗauki karin Lawson ɗin nan, dogon ɗango mai gaɓa 15, da tsarinsa na ɗango biyu-biyu masu amsa-amo ɗaya, har ma amsa-amon ɗangon farko bai canza ba. Lawson ya sake dawowa da "The City Bushman". Duk wanda ya san naƙa'id, wato waƙoƙin raddi na mawaƙan Larabawa Jarir da Farazdaƙ, ya san wannan wasa: ka amsa wa abokin karawa da karinsa da ƙafiyarsa, domin masu sauraro su auna ku da mudu ɗaya. Da waƙar sake ce marar kari, da babu filin da za a yi wannan karawar.

Mutane da yawa suna ɗauka Lawson ya rubuta "Up the Country" ne bayan tafiyarsa Bourke, wani gari can cikin daji. Ba haka ba ne. Waƙar ta riga tafiyar. A watan Satumbar 1892 ne J. F. Archibald, editan mujallar, ya ba shi fam 5 da tikitin jirgin ƙasa zuwa Bourke. Daga can ya taka da ƙafa zuwa Hungerford a kan iyakar Queensland, tafiyar sama da kilomita 200, a tsakiyar zafi, ya kuma dawo. Abin da ya gani ya ƙara masa ƙarfin gwiwa a kan abin da ya riga ya faɗa.

Mai_Ƙafiya:
A ƙara da cewa Paterson da kansa ya rubuta a 1939 cewa Lawson ne ya kawo shawarar su yi ta jifan juna da baiti domin mujallar ta biya su duka biyun. Wannan bai rage darajar waƙoƙin ba, saɓanin da ke tsakaninsu a kan daji na gaske ne.

Uwar_Ɗalibai:
Ina so in koma kan maganar Gwanin_Aruli, domin akwai bambanci tsakanin amsa-amon Turanci da namu da ke rikitar da ɗalibai. A rubutacciyar waƙar Hausa gaɓar ƙarshe ce amsa-amo, baƙi da wasalinsa: -ya da -ya, -na da -na. Sa'adu Zungur ya ja "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya" a kan -ya tun daga farko har ƙarshe. A Turanci ƙa'idar ta juya. Ana farawa daga wasalin ƙarshe da ake dannawa, duk abin da ya biyo shi dole ya zama sauti ɗaya, amma baƙin da ke gabansa dole ya bambanta. "Rain" da "plain" sun amsa. "Rain" da "reign" kuwa aibi ne, domin sautinsu ɗaya sak, babu abin da ya motsa. Wato abin da muke kira cikakken amsa-amo a wurinsu maimaici ne.

Na biyu, Hausa kalmominta kusan duk da wasali suke ƙarewa, ga -wa ta sunan aikatau, ga "ba" ta korewa, don haka mawaƙi zai iya jan amsa-amo ɗaya baiti ɗari bai gaji ba. Turanci ba shi da wannan wadata. Shi ya sa mawaƙin daji yake canza amsa-amo bayan kowane ɗango biyu. A "The Man from Snowy River" ɗango na 1 da na 3 suna amsawa, na 2 da na 4, sai a ɗauko sababbi a na 5 da na 7, na 6 da na 8. Baiti ɗaya yana cin amsa-amo huɗu, waƙar duka tana buƙatar tagwaye 52.

Bazazzagiya:
Hajiya, wannan bayani ya warware min abu. To amsa-amon ciki fa, suna da shi?

Mai_Ƙafiya:
Suna da shi, amma ba irin namu ba. Namu ƙaramin amsa-amo a ƙarshen ɗangwayen cikin baiti yake, babban kuma a ɗangon ƙarshe. Nasu a cikin ɗango ɗaya yake, tsakiya da ƙarshe. Mafi kyawun misali "Clancy of the Overflow" ta 1889. Baiti 8 ne masu ɗango huɗu-huɗu. Ɗango na 1 da na 3 gaɓa 16 ne, an raba su gida biyu, gaɓa ta 7 da ta 8 suna amsa ta 15 da ta 16. Amsa-amo ne mai gaɓa biyu, ta farko a danne ta biyu a sake. Ɗango na 2 da na 4 kuma gaɓa 15 ne, suna amsa juna a ƙarshe da gaɓa ɗaya dannanniya. Saboda haka kowane baiti yana da amsa-amo uku, biyu masu laushi ɗaya mai tsayawa. Mai laushin yana tura ka gaba, mai tsayawar yana rufe ƙofa. Wahalarsa ita ce kalmomi masu gaɓa biyu da ke amsa juna ba su da yawa, mai koyo yakan ƙare da jera kalmomin da ke ƙarewa da -ing, wanda shi ne mafi arha. Paterson yakan haɗa kalma biyu su amsa wasu kalmomi biyu, kuma a baitin farko ma ya bar jimla ta tsallaka daga ɗango zuwa ɗango, ba ta tsaya inda amsa-amo ya tsaya ba. Wannan saɓi-zarcen ne ke hana waƙar zama kamar karatun 'yan aji ɗaya.

Ɗan_Sokoto_77:
Ni gwanina Barcroft Boake ne, ko da yake bai bar waƙoƙi da yawa ba, ya rasu a 1892 yana da shekara 26. "Where the Dead Men Lie" ita ce ta fi kusa da kunnen Bahaushe. Baitin ɗango 8 ne. Amshi yana zuwa a ɗango na 2 da na 4 da na 8. Na 5 da na 6 da na 7 suna ɗauke da amsa-amo ɗaya a jere, sai na 8 ya koma kan amshin. Rabin baitin na biyu ƙwar huɗu ce sak: uku na ciki, ɗaya na waje. Amfanin jera ukun shi ne numfashi yana taruwa, mai sauraro ya san inda za a sauka, sai amshin ya zo ya same shi a shirye. Jigonta masu kora shanu da suka mutu a hamada babu kabari, baitin ƙarshe kuma ya juya kan mai dukiyar da ke zaune a birni yana cin ribar ransu. Wanda ya san yadda "tabban haƙiƙa" ke rufe baitocin waƙar Shehu Usmanu da Nana Asma'u ta mayar Hausa, ya san aikin da irin wannan amshi yake yi a zuciya.

Lauyan_Adabi:
Bari in kawo ja a kan magana ta biyu ta Ɗan_Alƙalami. Sharaɗin ƙungiya sharaɗin gasa ne, ba hukuncin adabi ba ne. Les Murray, wanda ya rasu a 2019, ɗan manomin shanun madara ne daga Bunyah, ya rubuta karkarar Ostireliya fiye da yadda akasarin masu cin gasa suka taɓa yi, kuma da yawa daga waƙoƙinsa ba su bin amsa-amo na gargajiya. Za a ce ba mawaƙin daji ba ne? Sa'annan amsa-amo yana da illa da ya kamata a faɗa: yana jan mawaƙi zuwa inda bai yi niyya ba. Ka rubuta "rain", sai "plain" da "again" da "pain" su yi layi suna jiranka, kuma dubban mawaƙa sun riga ka amfani da su. Tunanin sai ya bi kalma maimakon kalma ta bi tunani.

Tsohon_Malami:
Lauya, illar da ka faɗa gaskiya ce, amma illar mawaƙi mai rauni ce. Tambayar ita ce don wa aka yi waƙar. The Bulletin da Archibald da John Haynes suka kafa a 1880 tana isa rumfunan askin tumaki bayan makonni, kofi ɗaya ya zaga hannu da yawa har ya yage, kuma ba kowa ke iya karatu ba. Mutum ɗaya zai karanta da ƙarfi, wasu su haddace, su tafi da ita wata gonar a ka. Amsa-amo da kari su ne suke sa a haddace, kuma su ne suke nuna wa mai haddar inda ya yi tsallake: idan ɗango ya zo bai sami abokinsa ba, ya san ya zubar da wani abu. Murray ana karanta shi a littafi, a zaune. Waƙar daji ana faɗinta a tsaye gaban jama'a. Har yau haka ake yi a Tamworth duk watan Janairu lokacin bikin kiɗan karkara, inda ake taron karin kumallo na mawaƙa, da kuma Corryong a jihar Victoria inda ake bikin tunawa da mutumin Snowy River. Sunan "waƙar daji" na wannan al'adar ce. Murray babban mawaƙi ne, amma gidansa daban.

Lauyan_Adabi:
Baba, na karɓi batun hadda. Amma ka ga ka mayar da ita ma'anar aiki, ba ta daraja ba. Wannan shi ne abin da nake so a bambance.

Ɗan_Damagaram:
Wannan faɗa tsoho ne a can. A 1944 mujallar Angry Penguins ta Max Harris ta buga waƙoƙin wani Ern Malley a matsayin gwanin zamani da ya rasu ba a san shi ba. Ashe babu shi. James McAuley da Harold Stewart ne suka harhaɗa waƙoƙin a yini ɗaya don su nuna cewa masu sabon salo ba sa bambance waƙa da shirme. Abin ya ja wa sabon salo baya a ƙasar na wani lokaci, amma daga baya wasu suka riƙa karanta waƙoƙin Malley ɗin da gaske. Kowane ɓangare yana kafa hujja da labarin har yau.

Uwar_Ɗalibai:
Ga masu son gwada rubutawa, ga aibobin da ke kayar da waƙa a gaban alƙalan gasa irin Bronze Swagman, wadda aka fara a garin Winton a 1972.

Na ɗaya, amsa-amo na kusa: "time" da "mine". Wasalin ɗaya ne amma baƙin ƙarshe ya saɓa. A waƙar kiɗa yana wucewa domin ganga na rufe shi, a rubutacciyar waƙar daji aibi ne. Haka tilo da jam'i, "day" da "ways". Na biyu, amsa-amon ido: "love" da "move", a takarda sun yi kama, a baki ba su haɗu ba. Na uku, juya jimla don kalmar amsa-amo ta zo ƙarshe, a sa siffa bayan suna ko aikatau a ƙarshen ɗango, yadda babu makiyayin da zai yi magana haka. Na huɗu, cusa ƙananan kalmomi marasa aiki, irin "did" da "so", don cike gaɓa. Na biyar, wanda ya fi yawa, tilasta wa kalma dannawa a inda ba nan take da ita ba. Marubucin ba ya jin wannan da kansa, domin ya san karin da yake nufi, bakinsa yana gyara masa ba tare da ya sani ba.

Maganinsa: rubuta karin a saman takarda tukuna, ta-ta-TAM-ta sau nawa a kowane ɗango. Ja layi a ƙarƙashin gaɓar da ake dannawa a kowace kalma mai gaɓa biyu ko fiye, yadda ƙamus ya nuna, ba yadda kake so ba. Ƙirga gaɓoɓin kowane ɗango ka rubuta adadin a gefe. Idan baitin farko 15, 11, 15, 11 ne, kowane baiti haka zai kasance. Zaɓi kalmar da ta fi muhimmanci ka sa ta a ɗango na biyu na tagwayen, ka nemo mata abokiya a na farko, ba akasin haka ba. Idan mai rauni ce ta zo daga baya kowa zai gane an nemo ta ne. Daga ƙarshe ba wani wanda bai taɓa ganin waƙar ba ya karanta da ƙarfi. Duk inda ya yi tuntuɓe, ɗangon ne ke da laifi, ba shi ba.

Gwanin_Aruli:
Hajiya ta gama magana. Abu ɗaya zan ƙara: a auna amsa-amo da lafazin mai waƙar. Mutanen Ostireliya ba sa furta r a ƙarshen gaɓa, don haka "saw" da "more" suna amsa juna a bakinsu, a bakin Ba'amurke kuwa ba sa amsawa. Kada a yanke wa mawaƙi hukuncin kuskure da lafazin da ba nasa ba. Ga mai faɗin waƙa a gaban jama'a kuma, a dogon ɗango mai gaɓa 15 kada ya danna wurare bakwai, ya danna huɗu, sauran ya bi ta kansu da sauƙi. Kuma ya tsaya inda jimla ta tsaya, ba inda ɗango ya tsaya ba. Amsa-amo zai ji kansa ko ba a buga shi ba.

Bazazzagiya:
Har yanzu ba a ambaci mace ko ɗaya ba. Dorothea Mackellar ta fitar da "My Country" a 1908 a mujallar Spectator ta Landan, da farko da sunan "Core of My Heart". Baiti 6 ne masu ɗango 8, bugu uku a ɗango, kuma ɗangwayen 2 da 4, 6 da 8 kaɗai ke amsawa, sauran a sake suke. Rabin amsa-amon Paterson ke nan, amma da wuya a sami waƙar da 'yan ƙasar suka haddace kamar baitinta na biyu. Wannan yana nuna ba yawan amsa-amo ne ke sa hadda ba, gajartar ɗango da daidaiton bugu suna da nasu rabon. Sai Mary Gilmore, wadda ta rayu daga 1865 zuwa 1962, ta riƙe shafin mata na jaridar ma'aikata The Worker daga 1908 zuwa 1931. Ita ce a ɗaya fuskar takardar dala 10 da hoton Paterson ke kai tun 1993. Kafin nan Lawson ne a tsohuwar takardar dala 10 tun 1966.

Ɗan_Sokoto_77:
Malama ta buɗe wata ƙofa, bari in shiga. Dajin da waɗannan mawaƙa suke yabo yana da masu shi tun dubban shekaru kafin Turawa su sauka a 1788. A akasarin waƙoƙin daji 'yan asalin ƙasar ba sa nan, inda suka fito kuma sau da yawa da raini ake kawo su. The Bulletin kanta ta ɗauki taken da ke cewa Ostireliya ta farar fata ce a kan shafinta har 1961. Mai son waɗannan waƙoƙi dole ya san wannan. Gilmore tana cikin 'yan kaɗan da suka yi kukan abin da aka yi wa ƙabilun. Kuma ga abin da ya shafi muhawararmu: Oodgeroo Noonuccal, wadda a lokacin ake kira Kath Walker, ta fitar da "We Are Going" a 1964, littafin waƙoƙi na farko da wata 'yar asalin ƙasar ta buga. Waƙarta ta neman 'yanci, "Aboriginal Charter of Rights", ɗango biyu-biyu ce masu amsa-amo mai ƙarfi, domin a taro za a faɗe ta. Waƙar da littafin ya ci sunanta kuwa, ta makokin ƙabilar da ta ƙare, ba ta da amsa-amo. Mawaƙiya ɗaya, littafi ɗaya, ta san inda kowanne yake da amfani.

Lauyan_Adabi:
Wannan misali ya fi duk abin da na faɗa.

Ɗan_Alƙalami:
Misali ne mai ƙarfi, amma ina ganin yana goyon bayana ne ta wani gefen: da ta so jama'a su ɗauki magana a baki su tafi da ita, amsa-amo ta nema. Ban ce waƙar sake ba waƙa ba ce. Na ce ba ita ake kira waƙar daji ba.

Mai_Ƙafiya:
Kada a rufe jerin gwanaye ba a sa John O'Brien ba, wato Fada Patrick Hartigan, limamin cocin Katolika a Narrandera. Littafinsa "Around the Boree Log" ya fito a 1921. "Said Hanrahan" tana kan mafi sauƙin kari: gaɓa 8, 6, 8, 6, na 1 ya amsa na 3, na 2 ya amsa na 4. Manoma ne a ƙofar coci, ɗayansu kullum cewa yake an halaka: ana fari ya ce an halaka, ruwa ya sauka ya ce ambaliya za ta halaka su, ciyawa ta yi kyau ya ce gobarar daji na tafe. Gwanintar tana cikin sunan mutumin. Duk lokacin da amshin ya dawo dole a samo kalmar da za ta amsa sunan, kuma ba a jin an wahala. Mai koyo da wannan kari ya kamata ya fara, ba da dogon ɗangon Paterson ba.

Sai Adam Lindsay Gordon, wanda ya riga su duka. "Bush Ballads and Galloping Rhymes" ta fito a watan Yunin 1870, washegari ya kashe kansa a Brighton kusa da Melbon. "The Sick Stockrider" ita ce ta share wa Paterson hanya, dogon ɗango da gajere suna karɓa-karɓa. Will Ogilvie, ɗan Sikotlan da ya zauna a ƙasar daga 1889 zuwa 1901, shi ma a zancen dawaki ba a wuce shi.

Bazazzagiya:
Tambaya ga masu aruli. Wanda zai mayar da irin "The Man from Snowy River" Hausa, ya riƙe amsa-amon tsallake na 1 da 3, 2 da 4, ko ya sake?

Gwanin_Aruli:
Ya sake, Malama. Kunnen Bahaushe bai saba da tsallake ba, kafin na 3 ya zo ya manta da na 1, musamman da yake fassarar Hausa takan fi Turancin tsawo. Hanya biyu ce. Ko ya raba baitin ɗango 8 zuwa ƙwar biyu guda huɗu da babban amsa-amo ɗaya har ƙarshe, wanda zai ba labarin gudu. Ko ya raba shi ƙwar huɗu guda biyu, uku na ciki ɗaya na waje. Ga waƙar sukuwa na fi son ta farko. Ya zaɓi babban amsa-amo mai yalwa kamar -wa ko -ya tun kafin ya fara, ya tara kalmomin dawaki da duwatsu da ke ƙarewa da shi, ya ga ko za su kai shi baiti 52. Idan ba za su kai ba ya canza tun da wuri. Kari kuma ya ɗauki Ramal ko Mutadarak, su ne masu sauri. Sunayen wurare da na mutane su ne za su ba shi wahala, domin da baƙi suke ƙarewa. Ya ajiye su a tsakiyar ɗango.

Ɗan_Damagaram:
Ni da ƙwar huɗu zan tafi, domin baitin Paterson yana da numfashi a tsakiya, bayan ɗango na 4, kuma ƙwar biyu za ta goge wannan. Wani abu kuma, Paterson ya taɓa ɗaukar kari daga kiɗa. "Waltzing Matilda" a gonar Dagworth kusa da Winton ya rubuta ta a 1895, a kan sautin da Christina Macpherson ta kaɗa masa, wato kiɗan ne ya riga kalmomin, kamar yadda marubutanmu ke aron karin waƙar baka. Shi ya sa idan ka karanta ta a takarda ƙirgar gaɓoɓinta ba ta da tsaftar "Clancy". Da ma'aunin kiɗa ake auna ta. Kuma a 1905 ya tattara waƙoƙin baka na makiyaya a "Old Bush Songs", waɗanda yawancinsu ba a san mawallafansu ba.

Tsohon_Malami:
Ɗan_Sokoto, kai da ka kawo Boake, a cikin baitocin "Where the Dead Men Lie" amshin ɗango na 8 ba koyaushe yake zuwa da kalmomi iri ɗaya da na 2 da na 4 ba, farkonsa yakan ɗan canza. Mai fassara zai bi canjin ne, ko zai tsayar da amshi ɗaya yadda muka saba?